Ra'ayinmu: A Rubuta Halin Da Gida Yake Ciki Kafin Maƙwabci Ya Sa Diga



Damina ta ja baya, kuma kamar yadda aka saba kowace shekara a nan Jos, da zarar ruwa ya ɗauke sai ka ga tifofi sun fara sauke yashi da tsakuwa a bakin layi, masu buga bulo sun koma aiki, birkiloli da leburori sun cika unguwanni. Wannan abin farin ciki ne, domin alama ce ta cewa Allah ya hore wa wani daga cikinmu. Amma mu da muke karɓar koke-koke a ofishin wannan ƙungiya mun san abin da yakan biyo baya idan ruwan Yuli da Agusta ya sauka. Wannan zai zo ya ce katangarsa ta tsage, wancan ya ce rijiyarsa ta rufta, wata ta ce ruwan indararon benen maƙwabci a tsakar gidanta yake zuba. Duk lokacin da muka tambayi mai ƙorafi ina shaidar yadda gidansa yake kafin a fara aikin, sai ya yi shiru, ko kuma ya ce ai kowa ya sani.

Wannan magana ta "kowa ya sani" ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa, domin ba ta taɓa tsaya wa kowa a gaban mai unguwa ba, balle a gaban alƙali. Abin da muke kira a kai ba wani abu ne mai wahala ba. Duk lokacin da za a tayar da gini, ko a rushe tsohon gida, ko a haƙa lambatu, ko a fasa dutse kusa da gidajenmu, to mai aiki da maƙwabtansa su haɗu tun kafin a sa diga a ƙasa, su duba gidajen da ke kewaye, su rubuta halin da suke ciki, su ɗauki hotuna, kowa ya sa hannu. Tun ran gini tun ran zane.

Bari mu ba da misali da wani koke da ya zo gabanmu a daminar da ta wuce. Wata dattijuwa ce mijinta ya rasu ya bar ta da marayu da gida mai ɗaki huɗu, tana zaune a biyu, ta ba da hayar biyu, da kuɗin hayar take ci da yaran. Sai magadan gidan da ke jikin nata suka sayar, wanda ya saya ya rushe ya ce bene zai yi. Aka haƙa fandisho daf da bangonta, zurfinsa ya wuce gindin bangon. Kafin a zuba kankare kuɗi suka yanke wa mai aikin, aka bar rami a buɗe har ruwa ya sauka ya cika shi. Cikin watan Agusta bangon ɗakunan haya ya karkata, ya tsage tun daga sama har ƙasa, 'yan haya suka kwashe kayansu. Da aka zauna, mai ginin ya ce shi dai ya tarar da bangon a tsage. Wasu maƙwabta suka ce haka ne, sun daɗe suna ganin tsagar, wasu suka ce ƙarama ce ƙwarai kafin a yi haƙa. Ba mu ce wani ya yi ƙarya ba, domin babu wanda ya taɓa tsayawa ya auna. A ƙarshe dattawa suka yi sulhu, mai ginin ya ba da 'yan buhunan siminti da sunan taimako, ba da sunan diyya ba, abin da bai isa ya tayar da bango ɗaya ba. Har yau ɗakunan nan biyu a rufe suke, kuma gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu. Da an ɓata awa ɗaya da takarda da biro da wayar hannu kafin haƙa, da duk ba a kai ga haka ba.

Wannan matsala ta fi shafar mu fiye da mazauna sababbin unguwanni, kuma akwai dalilai. Garin nan kuza ce ta kafa shi. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka buɗe haƙar ma'adinai, kakanninmu suka taho daga Kano, Katsina, Zariya, Bauchi da Barno, wasu leburori, wasu mahauta, wasu fatake, wasu malamai, suka kafa gidajen da muke ciki yau a Gangare, Dilimi, layin Masallacin Juma'a da kewaye, da kuma Bukuru. Da yawa daga cikin waɗannan gidaje ginin ƙasa ne aka yi wa filasta da siminti aka ɗora kwano daga baya. Daga waje sai ka rantse bulo ne, alhali ciki tubali ne, kuma gindinsa bai shiga ƙasa can ba. Sau da yawa katanga ɗaya ce ta raba gida biyu, ba wanda zai iya cewa ga wanda ya gina ta. Ga kuma yanayin ƙasar kanta. Wani wuri dutse ne, sai an sa nakiya ko injin fasa dutse kafin a sami fandisho, girgizar kuwa ba ta san iyakar fuloti ba. Wani wuri tsohon ramin kuza ne aka cike, ƙasar ba ta gama zama ba. Ruwan sama a nan yakan kai kusan milimita 1,400 a shekara, garin kuma tudu da gangare ne, saboda haka duk wanda ya ɗaga daɓen gidansa ko ya toshe kwata, ruwan gidan na ƙasa da shi zai nufa.

Bugu da ƙari, bayan rikice-rikicen Satumba 2001, Nuwamba 2008 da Janairu 2010, mutane da yawa sun bar inda suke sun dawo cikin 'yan uwa. Unguwar Rogo, Unguwar Rimi, Rikkos, 'Yan Shanu da hanyar Bauchi sun cika maƙil. Da yake babu filin da za a faɗaɗa ta gefe, sai kowa ya koma hawa sama, ana dasa bene mai nauyi a jikin ginin ƙasa mai shekaru aru-aru. Mun kuma ga abin da ruwa da raunin gini suke iya yi. A daren 22 ga Yuli 2012, cikin watan azumi, ruwa ya ƙetare madatsar Lamingo ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ya ci aƙalla mutum 35, ya rushe gidaje masu yawa. A Yuli 2019 wani bene ya rufta a layin mahauta da ke yankin Dilimi, fiye da mutum 10 suka rasu. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin makarantar Saints Academy a Busa Buji ya faɗi a kan ɗalibai, rayuka 22 suka salwanta. Duka ukun a watan Yuli suka auku. Wanda ya tuna da waɗannan ba zai ɗauki tsagar bango abin wasa ba, kuma ba zai ga laifin maƙwabcin da ya tambayi zurfin ramin da ake haƙawa a jikin ɗakin da 'ya'yansa suke kwana ba.

Akwai dalili na biyu wanda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kai. A garin da ake kiran wasu 'yan ƙasa wasu kuma baƙi, ƙaramar rigima ba ta tsayawa a ƙarama. Idan maƙwabcinka ba ƙabilarku ɗaya ba ko ba addininku ɗaya ba, gardamar katanga da safe tana iya zama maganar "su" da "mu" kafin la'asar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, masu neman fitina kuwa ba sa rasa ƙafar shigowa. Takardar da aka rubuta cikin zaman lafiya, kowa ya sa hannu yana dariya, ita ce ke tsayar da rigimar bango a matsayin rigimar bango. Kuma waɗanda suka taya jama'a rubuta asarar da suka yi domin miƙa wa kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi bayan 2001, ko na Yarima Bola Ajibola bayan 2008, ba za su manta da irin wahalar da aka sha ba. Mutum zai ce gidansa ɗaki takwas ne da shago biyu, amma takardu sun ƙone tare da gidan, babu hoto ko ɗaya. Haka 'yan kasuwa suka tsinci kansu da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairu 2002. Ashe ke nan rubuta halin gida yana da amfani ko da babu wanda ke gini kusa da kai.

To me doka ta ce? Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin mallakar gida ko fili a ko'ina cikin ƙasar nan, bai ce sai mai takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ba. Sashe na 44 ya hana a ƙwace kadarar mutum sai bisa doka, tare da biyan diyya ba da ɓata lokaci ba, da kuma ba shi damar zuwa kotu. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon soke mallaka domin amfanin jama'a, kamar faɗaɗa titi ko gina gada. Sashe na 29 na wannan doka ya ce diyyar gini ana lissafa ta ne da kuɗin da zai sake gina irinsa, a cire abin da ya ragu saboda tsufa da lalacewa. Ku lura da wannan da kyau. Idan katafila ta riga ta wuce, wa zai nuna cewa gidanka mai kyau ne, da silin da fenti da rijiya da masai, ba kango ba? Haka kuma kotunanmu sun yarda cewa wanda ya yi haƙa da sakaci har ƙasar maƙwabci ta zabtare, ko ya tara ruwa ya sake shi ya yi ɓarna, yana iya ɗaukar alhaki. Sai dai Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya yi da'awa. Kai da ka ce an tsaga maka bango, kai za ka nuna cewa da lafiyarsa ƙalau. Sashe na 84 na dokar ya buɗe ƙofar karɓar hoton waya da na kwamfuta a kotu, da sharaɗin a haɗa da takardar bayanin na'urar da aka yi amfani da ita, wadda lauya zai taya ka shiryawa.

Kada wani ya ɗauka mu muka ƙirƙiro wannan tsari. A Ingila akwai dokar bangon tsakani ta 1996, wadda ta wajabta wa mai gini ya sanar da maƙwabci a rubuce wata biyu kafin ya taɓa bangon da suka yi tarayya a kai, ko wata ɗaya kafin ya yi haƙar da ta wuce zurfin fandishon maƙwabci a cikin tazarar mita 3. A bisa al'ada masu duba gini a can sukan shiga gidan maƙwabcin su rubuta halin kowane bango kafin a fara, su dawo bayan an gama su gwada. Mu ma a gidanmu muna da asali. Wani babban magini na birnin Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda ya rayu a ƙarni na 14, alƙalan mazhabar Malikiyya sukan aike shi ya duba bangon da ake gardama a kai, har ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini tsakanin maƙwabta, da maganar bango, da magudanar ruwa, da tagar da ke leƙa gidan wani. Kuma kowane almajiri ya san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Idan an umarci musulmi ya rubuta tsakaninsa da ɗan uwansa musulmi, to rubutu ba zargi ba ne.

Ga yadda muke ba da shawara a yi. Da farko, mai gini ne ya kamata ya fara zuwa. Ya je da kansa, ko ya tura babba, ya sanar da duk gidajen da ke jikin filinsa, na dama da na hagu da na baya, aƙalla mako biyu kafin aiki. Ya faɗi abin da zai gina, hawa nawa, zurfin fandisho, inda zai haƙa sokawe, da inda ruwan rufinsa zai bi. Ya nuna takardar izinin gini ta hukumar raya birnin Jos, wato JMDB. Neman izini kafin gini doka ce a ƙarƙashin dokar tsara birane ta 1992, kuma a 2024 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a kan umarnin zartaswa mai lamba 003 da ya ƙara tsananta batun gini ba da izini ba a Jos da kewaye. Idan mai gini bai zo ba, kai maƙwabci kada ka tsaya jiran girma. Ranar da ka ga tifa ta sauke yashi, ranar za ka yi sallama.

Na biyu, a sa rana da hantsi, lokacin da akwai haske, a zagaya gidan tare da mai unguwa ko wakilinsa, da shaidu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, da magini mai hankali wanda ba ma'aikacin mai ginin ba ne. A fara daga waje, a ɗauki gidan gaba ɗaya yadda za a gane layin da gidajen da ke gefe, sannan a bi bango ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje. Duk inda aka ga tsaga, a ɗora rula ko tef a jikinta kafin a ɗauki hoto, domin a san faɗinta da tsawonta, a ja layi da fensir a inda ta fara da inda ta ƙare, a rubuta kwanan wata a gefe. Idan babba ce, a shafa ɗan siminti siriri a gicciye a kanta. In ya fashe daga baya, an san bango yana motsi. A buɗe kowace ƙofa da taga a rufe, a rubuta wadda take cijewa. A duba silin da daɓe da inda yake yoyo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ya faɗa da bakinsa a rubuta. A zura igiyar guga a auna zurfin rijiya da inda ruwa ya tsaya, a rubuta ko ruwan garau yake. A zuba bokitin ruwa a tsakar gida a ga inda yake bi ya fita. A auna tazarar da ke tsakanin bango da inda za a haƙa. A nemo dutsen iyaka na safiyo idan akwai, a ɗauki lambarsa. Kada a manta da bishiya, da wayar lantarki, da bututun famfo, da shago idan akwai.

Na uku, a rubuta gaskiya. Wanda ya ɓoye tsohuwar tsaga da nufin ya ɗora wa maƙwabci daga baya, ya ci haram, kuma ya ɓata takardar gaba ɗaya, domin da an kama ƙarya ɗaya sauran ma ba za a yarda da su ba. A rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, a karanta da ƙarfi kowa ya ji kafin a sa hannu. Da yawa daga cikinmu, har da mai wannan rubutu, a ajin yaƙi da jahilci muka koyi boko da girmanmu, mun san yadda ake ji idan aka miƙo maka takarda aka ce dangwala kawai. Akwai dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta wajabta wa duk wanda ya rubuta takarda a madadin wani ya sa sunansa da adireshinsa a kai, a matsayin shaidar cewa an karanta masa kuma ya fahimta kafin ya dangwala. A bi wannan ƙa'ida. A ƙarshen takardar a ƙara da alkawari, wato mai gini ba zai bar rami a buɗe cikin damina ba, zai tokare bango idan haƙa ta matso, zai gyara duk ɓarnar da aikinsa ya jawo, kuma za a sake zagayawa idan an gama fandisho, da kuma bayan damina ɗaya ta wuce.

Na huɗu, ajiya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, yaro yana goge hoto. A je a wanke hotunan a kan takarda, a rubuta rana da wuri a bayan kowane, shaidu su sa hannu, amma kada a goge na cikin wayar, a kuma tura wa wani ɗan uwa da ke wani gari. A yi kwafi huɗu, ɗaya ga mai gida, ɗaya ga mai gini, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya ga ofishin ƙungiya. Mun ga gobara, mun ga ambaliya, kada a tara takardu duka a ƙarƙashin katifa ɗaya. Wanda yake so ya ƙara wa takardarsa ƙarfi yana iya zuwa babbar kotu ya yi rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa ya haɗa da hotunan. Idan kuwa aikin babba ne, kamar bene hawa uku, ko fasa dutse, ko aikin titi na gwamnati, to maƙwabta su haɗa kuɗi su ɗauki injiniya mai rajista da hukumar COREN, ko ƙwararren mai ƙiyasta kadara, domin rahotonsa ya fi nauyi a kotu.

Mun san abin da wasu za su ce. Wani zai ce wannan rashin yarda ne, shekara arba'in muna tare da gidan Alhaji, yau zan je masa da takarda? Amsarmu ita ce, ba da Alhaji kaɗai kake yi ba. Gobe yana iya sayarwa, ko rai ya yi halinsa, magada su zo ba su san kai ba. Kuma takardar nan ta fi kare mai gini, domin idan babu ita, duk tsagar da ke unguwar, har wadda ta girme shi, a kansa za a ɗora. Wani zai ce gidana ba a shiga, yaya zan bar maza su zagaya ɗakunan iyali? Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, shi ya sa muka roƙi mata malaman ajin manya na ƙungiya su riƙa shiga ciki su ɗauki hoton bango da silin, ba na mutane ba, maza su tsaya a zaure. Wani kuma zai yi shiru ne kawai saboda shi ma nasa ginin babu izini, ko takardar cinikin gidansa ta hannu ce tun ta kaka, yana tsoron tone-tone. Ba za mu yaudare shi ba. Wannan takarda ba takardar mallaka ba ce, ba ta maye gurbin satifiket ɗin gwamna, ba ta kuma halatta ginin da aka yi a kan hanyar ruwa. Amma ɓuya ba ta taɓa ƙara wa kowa ƙarfi ba. Ya rubuta halin gidansa yau, gobe ya kama hanyar ofishin filaye ya fara daidaita takardunsa.

Idan duk da haka ɓarna ta auku, kada a ɗauki doka a hannu, kada a tara matasa a hana leburori aiki da ƙarfi. A ɗauki sabon hoto daga daidai inda aka tsaya aka ɗauki na farko, a kira shaidun nan, a rubuta wa mai gini wasiƙa a riƙe kwafi. Idan bango yana barazanar faɗuwa, a fitar da iyali tukuna, sannan a sanar da hukuma. Idan sulhu ya ƙi, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a ga abin da ya shafi ma'aikatun gwamnati, akwai Hukumar Taimakon Shari'a ga marasa ƙarfi, akwai kuma kotu. A yi hanzari, domin a wasu ƙararrakin da ake kai jami'an gwamnati doka ta taƙaita lokacin shigar da ƙara zuwa wata uku kacal.

Saboda haka muna kira ga hukumar JMDB da ta sanya wannan rubutu cikin sharuɗɗan ba da izinin gina bene a tsofaffin unguwanni, ta yadda mai neman izini zai kawo shaidar ya sanar da maƙwabtansa kuma an duba gidajensu. Muna kira ga gwamnatin jiha da ta wajabta wa 'yan kwangilar titi da lambatu su zagaya gidajen bakin hanya tare da masu unguwanni kafin su kawo rola da katafila, kuma a yi wa kowace unguwa haka ba tare da duba su wane ne mazaunanta ba. Muna kira ga masu unguwanni da kada su sa hannu a kan cinikin gida su tsaya nan, su bi sawu har ranar haƙa. Muna roƙon limamai su tunatar da jama'a haƙƙin maƙwabtaka. Maƙwabtanmu Birom, Anaguta, Afizere, Ibo, Yarbawa da sauransu kuwa, muna shaida musu cewa wannan tsari namu ne da su. Idan ɗanmu ne zai gina bene a jikin gidanku, ku zo ofishinmu, mu za mu raka ku a rubuta halin gidanku kafin ya fara.

Daga ɓangarenmu, kwamitin zartaswa ya buɗe littafin rajista na musamman domin wannan aiki, kuma an tanadi takardar cikewa da Hausa wadda kowa zai iya karɓa kyauta a hannun sakatare bayan sallar la'asar. Wanda bai iya rubutu ba, akwai ɗaliban ajin manya da suka ɗauki nauyin rakiya. Waɗanda suka san ana shirin gini a jikin gidansu cikin wannan rani, su zo tun yanzu kafin a sauke bulo, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu, ya ba masu gini ikon kammalawa lafiya, ya zaunar da Jos da jihar Filato baki ɗaya lafiya, amin.

Sakatare